Kaka a ƙaramar gonar iyalin Katolika: Rosari, rumbu da garke

A ƙasashen sanyi na arewacin duniya, irin su Ayalan, Faransa, Jamus, Poland da arewacin Amurka, kaka tana kamawa wajen 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da tsawon dare da na rana suke daidaita, ta tafi har gab da Kirsimeti. Ga iyalin Katolika da ke zaune a 'yar gona mai kaji ashirin, tumaki shida, akuyar tatsa ko saniya ɗaya, da lambun kayan miya a bayan gida, babu makonnin da suka kai waɗannan cunkoso. Aiki ya taru wuri ɗaya domin sanyi na tafe, kalandar Ikilisiya kuma ta cika maƙil da ranaku: idin mala'iku, watan Rosari (addu'ar carbi ta Katolika), ranar dukan tsarkaka, ranar tunawa da matattu. Gidaje da yawa suna shiga Oktoba da niyya mai kyau, amma kafin tsakiyar wata Rosari ya koma na ranar Lahadi kaɗai. A ganina laifin tsari ne. Addu'ar da aka ce sai an samu sarari za a yi ta, ba ta taɓa samun sarari a gona. Wadda aka ɗaura a jikin aikin da ba ya tsallakuwa, irin tatsa ko rufe akurki, ita ce take kai wa ƙarshen Nuwamba.

Tatsa da addu'ar Mala'ikan Ubangiji

Mafi sauƙin ɗaurawa ita ce Anjelus, addu'ar da take farawa da saƙon Mala'ikan Ubangiji ga Maryamu. Ana yin ta sau uku: ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma. Gaɓoɓi uku ne, kowace gaɓa a bi ta da "A gaishe ki Maryamu", sannan a rufe da gajeriyar addu'a. Duka ba ta wuce minti uku. Dabbar tatsa kuwa tana son a tatse ta sau biyu a rana da tazarar awa 12, don haka shida da shida sun faɗa daidai. Mai tatsa ya wanke hantsa, ya zubar da tatsar farko daga kowane nono a wani ƙoƙo dabam don duba ko akwai gudaji ko jini, alamar ciwon hantsa, sannan ya fara addu'a yana tatsa. Wanda ke zuba wa kaji tsaba a gefe shi ke amsawa. Ta tsakar rana a haɗa ta da addu'ar abinci, kowa yana tsaye kafin a zauna.

Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne sauya agogo. A Turai ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a Amurka kuma Lahadin farko ta Nuwamba. Saniya ba ta san da wannan ba. Idan aka tsaya a kan agogo aka jinkirta tatsa awa guda cur a rana ɗaya, hantsa ta cika ta yi tauri, dabba ta yi ta kuka, madara ma ta ɗan ragu na kwana biyu. Gara a fara matsar da lokaci da minti 10 zuwa 15 kowace rana tun kwana huɗu ko biyar kafin sauyin.

Satumba: azumi da lissafin ingirici

Ranar 14 ga Satumba ita ce idin Ɗaukaka Gicciye, washegari kuma tunawa da baƙin cikin Maryamu. Bayan su sai kwanakin Emba na kaka, wato Laraba, Juma'a da Asabar, na azumi da godiya saboda amfanin gona da kuma roƙo domin masu shiga aikin firist. Irin waɗannan kwanaki suna zuwa sau huɗu a shekara, ɗaya a kowane yanayi. Tun daga 1966, lokacin Paparoma Bulus na VI, azuminsu ya daina zama dole, daga baya aka bar wa taron bishop-bishop na kowace ƙasa ya tsara nasa. Iyalan gona da dama suna riƙe da su har yau don raɗin kansu, kuma na ga hikimar hakan, domin babu wanda ya fi manomi sanin abin da ake yi wa godiya. Yadda ake azumin: cin abinci sosai sau ɗaya, da ɗan taɓawa sau biyu waɗanda in an haɗa su ba za su kai na sosai ba. Ko a ranakun da azumi yake dole, dokar tana kan mai shekara 18 ne zuwa 59, ba ta hawa kan marar lafiya, mai ciki ko mai shayarwa. Wanda zai wuni yana loda dami a rumfa da cikin da ba komai, jiri na iya ɗibar sa a kan tsani. Irin wannan ya bar nama da kayan zaƙi, ya ci abin da zai riƙe shi.

Wannan makon ne ya fi dacewa a zauna da alƙalami a yi lissafin ingirici, tun masu sayarwa ba su ƙarar da nasu ba. Dabba mai tuƙa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinta a rana. Tunkiya mai kilo 70 za ta ci kusan kilo 2, saniya mai kilo 500 kuwa kilo 12 zuwa 13. A ɗauka hunturu zai hana kiwo na kwana 150. Tumaki shida sau kilo 2 sau kwana 150 ya ba da kilo 1,800. A ƙara kashi 15 zuwa 20 saboda wanda za su tattake su yi wa fitsari, ya kama kusan kilo 2,100, wato ƙananan dami ɗari da 'yan kai in kowanne kilo 20 ne. Saniya ɗaya ita kaɗai za ta cinye kwatankwacin haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga dami ba tare da an ɗora ko ɗaya a sikeli ba, domin wani damin kilo 14 ne, wani 25.

Akwai haɗari kuma a yankan ciyawa na ƙarshe. Rana ta rage ƙarfi, raɓa tana daɗewa, ciyawa ba ta bushewa da kyau. In aka ɗaure ta da laimar da ta wuce kashi 20 cikin ɗari, ƙwayoyin halitta su ci gaba da aiki a ciki, dami ya ɗauki zafi. A soka dogon ma'aunin zafi a tsakiyar tarin kowace rana cikin makonni shida na farko. Digiri 55 na ma'aunin Salsiyos alama ce a sa ido sosai. Digiri 70 haɗari ne, kuma daga 80 wuta na iya tashi da zarar iska ta shiga, don haka ba a buɗe tarin sai an kira 'yan kwana-kwana. Ko bai kama wuta ba, ingirici mai funfuna yana sa dabbobi tari, yana kuma iya zubar wa tunkiya ciki.

Ranar 29 ga wata idin manyan mala'iku ne, Mika'ilu, Jibra'ilu da Rafa'ilu. A Ingila ta dā ranar biyan kuɗin hayar gona ce da ɗaukar sababbin 'yan ƙodago, ana kuma cin dinyar da ta yi ƙiba da kala a gonakin da aka girbe. Ga yara, wannan idin da na mala'iku masu tsaro na 2 ga Oktoba su ne lokacin koya musu gajerun addu'o'i biyu, ta Mika'ilu da ta mala'ika mai tsaro, a riƙa yi a bakin gado.

Oktoba, watan Rosari

Idin Maryamu Uwar Rosari yana ranar 7 ga Oktoba, domin a wannan rana ce a 1571 aka gwabza yaƙin ruwa na Lepanto tsakanin Kiristocin Turai da Turkawa, bayan Paparoma Piyus na V ya roƙi jama'a su yi ta Rosari. Keɓe watan gaba ɗaya kuwa ya samu gindin zama ne daga 1883, da wasiƙar Paparoma Liyo na XIII. A 2002 Paparoma Yohanna Bulus na II ya ƙara Asiran Haske a kan asiran Rosari, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunawa yayin addu'ar, suka zama rukuni huɗu. Rabon kwanakin shi ne: Asiran Farin Ciki ranar Litinin da Asabar, na Baƙin Ciki ranar Talata da Juma'a, na Ɗaukaka ranar Laraba da Lahadi, na Haske ranar Alhamis.

Carbin yana da ƙwaya 59. Ana riƙe gicciye a faɗi shaidar bangaskiya ta manzanni, sai "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" uku, "Ɗaukaka ga Uba". Daga nan a shiga gomiya biyar. Kowace gomiya a ambaci asirinta, a yi "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki" goma, "Ɗaukaka" ɗaya, gidaje da yawa kuma suna ƙara addu'ar Fatima, wadda ta samo asali daga bayyanar 1917 a Fotugal. In ba a ja ba kuma ba a yi gudu ba, minti 15 zuwa 20 ne.

Lokacin yin sa shi ne maganar. Gidajen da suke barin Rosari sai bayan an wanke kwanuka, an yi wa yara wanka, kowa ya miƙe ƙafa kusa da murhu, su ne suke fara rasa shi. Jikin da ya wuni a sanyi, da ya ji ɗumi da ƙoshi sai barci. Lokacin da ya fi riƙuwa shi ne da zarar an rufe akurki. Kaji suna shiga da kansu da faɗuwar rana, dole wani ya fita ya ƙirga su ya sa sakata saboda yanyawa da sauran maɓarnata, don haka wannan lokaci ba ya ɓacewa. Mai rufewa ya shigo, ya cire takalmin roba, a kunna kyandir, a fara tun tukunya tana kan wuta. Uba ya ja rabin farko, "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri", sauran su amsa, "Maryamu Mai Tsarki, Uwar Allah". Gomiya ta biyu uwa ta ja, ta uku babban yaro, haka har a zagaya. Yaron da aka ba gomiyarsa yana zama a farke yana jiran ta, kuma in ya ƙirga tara ko sha ɗaya ba a tsayar da addu'a don gyara masa.

Ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara biyar, ba za su iya minti ashirin a durƙushe ba, tilasta musu kuwa yana sa su tsani abin. A bar su su zauna a cinya. A ba su carbin katako mai manyan ƙwayoyi da igiya mai ƙarfi, domin na sarƙa yana tsinkewa, ƙwayarsa kuma na iya shaƙe jariri. Wata dabarar ita ce ƙwarya biyu da gyaɗar kurmi ko ƙananan tuffa goma, yaro yana ɗauke ɗaya daga wannan zuwa waccan a kowace "A gaishe ki". In ya ce "Mama, na gaji" bayan gomiya ɗaya, ya yi nasa rabon. Kafin kowace gomiya a karanta aya ɗaya ko biyu daga Linjila game da asirin, in ba haka ba baki ne kawai zai yi ta tafiya, zuciya tana wajen famfon da ya lalace. Kyandir kuma a sa shi cikin gilashi a kan kanta mai tsayi, nesa da labule da busassun ganyen ado, domin yawancin kayan adon kaka, zangarniya da ɓawon masara, makamashi ne.

Akwai dararen da gomiya biyar ba za ta yiwu ba, kuma gara a yarda da haka tun farko a ajiye doka: komai rintsi, gomiya ɗaya. Daren raɓar ƙanƙara na farko yana cikinsu. Alamarsa sama garau babu gajimare, iska ta kwanta, sanyi ya sauko da sauri bayan faɗuwar rana. Gajimare yana riƙe ɗumin ƙasa, in babu shi ɗumin ya tsere sama, ganye ya yi sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi. Shi ya sa ko hasashen yanayi ya ce digiri 2 ko 3, ganyen da ke kwari na iya daskarewa. Tumatir, barkono, wake da kabewa suna mutuwa a sifili, kabeji da karas kuwa suna jurewa, har ma su ƙara zaƙi. A irin wannan yamma kowa ya fito da kwando. Duk tumatirin da ya fara sauya launi a tsinke, zai ƙarasa nuna a cikin ɗaki. Abin da ba a tsinka ba a rufe shi da tsohon zanen gado ko bargo har ƙasa, a danne gefe da dutse. Leda in ta taɓa ganye sanyi yana ratsa ta ya ƙone wurin. Da safe a yaye rufin kafin rana ta yi zafi. Gomiyar wannan dare a cikin lambu ake yin ta, da fitila a goshi, ana ƙirgawa da yatsu.

Bayan wannan sanyi akwai abin da ke kashe dabba farat ɗaya. Dawa da danginta da ake shuka don kiwo suna tara guba idan ƙanƙara ta buge su, gyauron da ya sake tsirowa kuwa ya fi muni. A fitar da dabbobi daga irin wannan fili, kada a mayar da su sai bayan mako guda da shukar ta mutu ta bushe sarai.

Ranar 4 ga Oktoba, idin Faransis na Asisi wanda ya rasu a 1226, coci-coci da yawa suna sa wa dabbobi albarka. Kare da zomo a kai su harabar coci ba laifi. Kaji da tumaki kuwa ban ga dalilin kai su cikin na wasu gidaje ba, musamman a lokacin da tsuntsaye masu ƙaura suke yawo da murar tsuntsaye. A gayyaci firist ya zo gona, ya bi garke da akurki da rumbu da ruwan albarka. In ya fito daga wata gonar a ba shi bokitin maganin wanke takalmi a bakin ƙofa, babu firist ɗin karkara da zai ji haushin wannan.

Ajiya

Dankalin turawa: a yanke ganyen a bar shi mako biyu a ƙasa don fata ta yi ƙwari, a haƙa ranar da ƙasa ta bushe, kada a wanke. A shimfiɗa a wuri mai duhu, digiri 10 zuwa 15, na kwana 10 zuwa 14, raunukan da fatanya ta yi su warke. Sannan a kai ma'aji mai digiri 4 zuwa 7. Ƙasa da haka sitacinsa yana komawa sukari, ya yi baƙi wajen suya. Haske kuma yana mai da shi kore, koren nan yana tafe da guba mai ɗaci. Kabewa akasin haka take so: a yanke ta da hannunta mai tsawon santimita 5 zuwa 8, a bar ta kwana goma a wuri mai ɗumi, a ajiye a digiri 10 zuwa 13 inda babu laima. Wadda hannunta ya ɓalle ita za a fara ci, domin ta nan ruɓa ke shiga. Albasa sai wuyanta ya bushe ƙayau, mako biyu zuwa uku, kafin a kitse ta a rataye. Tuffa tana son sanyi kusa da sifili da laima, a jera ta ba ta taɓa juna, kuma a raba ta da karas, saboda iskar da tuffa ke fitarwa tana sa karas ɗaci. Karas ɗin a binne shi cikin akwatin yashi mai ɗan danshi. Sau ɗaya a mako wani ya bi ma'ajin da hannu da hanci ya fitar da abin da ya fara lalacewa, aiki ne da ɗan shekara takwas zai iya. Kafin a rufe ma'aji, gidaje da yawa suna ware kason matalauta tun daga kwandunan farko, masu kyau, a kai wa ma'ajin abinci na coci ko maƙwabcin da ya tsufa.

Tafarnuwa ita ce shuka ta ƙarshe. Ana dasa ta mako uku zuwa shida kafin ƙasa ta daskare, domin sai ta sha sanyi take rabuwa ƙwaya-ƙwaya. A zaɓi manyan ƙwayoyi, tsini sama, zurfin santimita 5, tazarar 15, a rufe da tattaka mai kaurin santimita 10 zuwa 15. In an yi sammakon dasawa ganye ya fito da yawa sanyi ya ƙone shi, in an makara saiwa ba ta kama ba.

Kaji kuwa a wannan lokaci suna zubar da gashi, ƙwai ya ragu ko ya tsaya na mako takwas zuwa goma sha biyu. Ba ciwo ba ne. Gashi furotin ne kusan zalla, don haka a ɗaga abincinsu daga kashi 16 zuwa 18 ko 20. Kaza tana buƙatar haske awa 14 kafin ta yi ƙwai a kai a kai. Mai son ƙara fitila ya jira su gama sabon gashi, kuma ya sa ta kunna da asuba. In da dare ne fitila ta mutu kwatsam, duhu ya riske su a ƙasa ba su hau sanda ba.

Rago da ranar Ista

Wannan lissafi ne da ake mantawa, sai an shiga Makon Tsarki a tuna. Tumakin ƙasashen sanyi suna neman rago ne idan rana ta gajarta. Cikin tunkiya kwana 147 ne, da ragi ko ƙarin kwana biyar, na akuya kuwa kusan 150. Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Misali, ta 2027 za ta faɗa 28 ga Maris. Wanda ya saki rago ranar 1 ga Nuwamba 2026, haihuwa za ta fara masa daidai wannan mako, ya kwana a garke daren Alhamis Mai Tsarki da Juma'a Mai Kyau, iyali su rabu biyu a daren Ista. In ya jinkirta zuwa 11 ga Nuwamba, haihuwa ta koma wajen 7 ga Afrilu, ciyawa ma ta fara fitowa. Don haka kafin a buɗe wa rago ƙofa a duba kalandar baɗi. Mako biyu zuwa uku kafin barbara a ƙara wa tumakin abinci mai kyau, yana ƙara yiwuwar tagwaye. A datse musu kofato. A shafa wa ƙirjin rago launi, a sauya launin bayan kwana 16 ko 17, tsawon zagayen tunkiya ke nan, duk wadda ta ɗauki launi na biyu an san ba ta kama a karon farko ba. A rubuta kwanan kowace ɗaya a kalandar da ake rubuta idodi, wuri ɗaya, inda ido zai gani.

Nuwamba, watan matattu

Ranar 1 ga Nuwamba ta dukan tsarkaka ce, kuma a ƙasashe da yawa zuwa Misa dole ne kamar Lahadi, ko da yake wasu wurare suna matsar da ita ko su ɗage wajibcin idan ta faɗa Asabar ko Litinin, don haka a duba sanarwar dayosis. Washegari ta dukan masu bi da suka rasu ce. Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa daga 994 zuwa 1049, shi ya kafa ta a gidajen da ke ƙarƙashinsa, daga nan ta bazu. A 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, Paparoma Benedik na XV ya ba kowane firist izinin yin Misa uku a ranar.

Daga 1 zuwa 8 ga wata, duk wanda ya ziyarci maƙabarta ya yi wa matattu addu'a, ko a zuci ne, yana iya samun cikakken indaljens kowace rana, wato yafewar horon da ya rage bayan an gafarta zunubi, kuma domin rayukan da ke wurin tsarkakewa kaɗai ake nema. Sharuɗɗan su ne furta zunubi gaban firist, karɓar Jibi Mai Tsarki, wato burodin da aka tsarkake a Misa, addu'a domin nufin Paparoma, wadda "Ubanmu" ɗaya da "A gaishe ki" ɗaya sun wadatar, da zuciyar da ta rabu da son kowane zunubi. Furci ɗaya cikin kimanin kwana 20 kafin ko bayan ziyarar ya isa wa dukan kwanakin, amma Jibi da addu'ar Paparoma kowace rana da nata. In wani sharaɗi bai cika ba, ana samun na wani sashe. Ga iyalin da coci ya yi wa nisa, abin da ya fi yiwuwa shi ne su cika sharuɗɗan a ranakun da za su je Misa, sauran kwanaki su tsaya minti biyar a maƙabartar da ke kan hanyar kai madara ko ɗauko yara, su ce "Ya Ubangiji, ka ba su hutawa ta har abada".

A Faransa furen kirisantimom ake kaiwa kaburbura, a Poland kuwa kyandir cikin gilashi, har maƙabarta ta haskaka da dare. Wajen gyaran kabari, dutse ruwa yake so da burushi mai laushi. Bilic da burushin waya suna cinye fuskar dutse, rubutu ya goge da wuri. A gida kuma a ajiye littafi kusa da kyandir, a rubuta sunayen kakanni, iyayen baftisma, maƙwabta, jariran da ba su rayu ba, kowane dare a karanta suna biyu ko uku kafin Rosari. Yaro zai tambaya, "Baba, wane ne wannan?" A amsa masa da gaskiya, da labarin mutumin. Yaran gona sun riga sun ga mutuwa a akurki da garke, ba sa buƙatar a ɓoye musu ta.

Game da aikin Lahadi, ciyar da dabba, ba ta ruwa, tatsa da ceton wadda ta faɗa rami ba su saɓa wa hutu ba, Yesu da kansa ya kawo misalin ba da ruwa da na rami. Abin da ya kamata a kauce wa shi ne ajiye gyaran shinge da faskare sai Lahadi saboda ranar ce kowa yake gida. A cika komaye da randunan dabbobi tun yammacin Asabar. In dabba tana naƙuda mai wuya, mutum ɗaya ya tsaya ya je Misar yammacin Asabar ko ta yammacin Lahadi, sauran su tafi.

Ranar Martin da shigowar hunturu

Martin, bishop na Tur a Faransa, ya rasu a 397 aka binne shi 11 ga Nuwamba. Sojan Roma ne da ya raba alkyabbarsa biyu ya ba wani almajiri da ke rawar ɗari. A Jamus yara suna zagaya gari da fitilun takarda a daren, gidaje kuma suna fitar da rigunan sanyin da suka yi wa yara kaɗan su bayar. A karkarar Turai ranar ce ta yanka alade da dinya, dalilin kuwa a fili yake: kiwo ya ƙare, duk bakin da ya rage zai ci daga rumbu, ƙudaje sun mutu, iska ta zama firiji. Ana so zafin waje ya tsaya tsakanin sifili da digiri 5. A hana dabbar abinci awa 12 zuwa 24 amma a bar mata ruwa. Naman ya sauka ƙasa da digiri 4 har cikin cinya a awa 24, in ba haka ba ya fara lalacewa daga jikin ƙashi. Kada kuma ya daskare kafin a sa gishiri, domin gishiri ba ya ratsa daskararren nama. Wajen gishirin a auna, kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin nama, ban da ƙiyasi da ido. Dokar yanka a gida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wurare da yawa naman na iyali ne kaɗai, sayarwa sai wanda ya bi ta mayanka mai lasisi. Gidan da ke kiyaye Juma'a ba nama, kamar yadda bishop-bishop na Ingila da Weils suka maido a 2011, kada ya yi yanka ranar Alhamis, domin hanta da ƙoda washegari ake son cin su.

Abin da ya rage gajere ne. A zuƙe ruwan duk tiyo da famfon waje, saboda ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, ya fasa bututu. Itacen wuta sai laimarsa ta sauka ƙasa da kashi 20, ɗanye yana tara baƙin kwalta a bututun hayaƙi har wata rana ya kama, don haka a share bututun kafin wutar farko, a gwada na'urar gano iskar gawayi mai kisa. Lahadin ƙarshe ta shekarar Ikilisiya ita ce idin Almasihu Sarki, wanda Paparoma Piyus na XI ya kafa a 1925. Mako guda bayanta, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, Adbent, lokacin shirin Kirsimeti, ya shiga. Kyandirori huɗu na kambin Adbent, uku shunayya ɗaya ruwan hoda, a saye su tun ranar Martin domin suna ƙarewa a kanti, ganyen kambin kuwa a yanko shi ranar Asabar ɗin jajibiri, a jiƙa shi cikin ruwa dare ɗaya kafin a naɗa.